Ranar da Na Cika wa Abu Sa'ad Finjali

Ko da zan manta da komai na zamana a Riyadh, ba zan taɓa mantawa da satina na uku ba, satin da na kusa raba wani dattijo da aikinsa na shekara ashirin da ɗoriya saboda kurɓin gahawa. Ba faɗa muka yi ba, bai zage ni ba, ko murya bai taɓa ɗaga mini ba. Iyawa ce kawai ta yi mini yawa. Har yau in na tuna, ko tuƙi nake yi, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san inda girman kan ya samo asali. Kafin in zo nan in zama direban motar kai kaya, shekara goma sha ɗaya na yi ina sana'ar shayi a bakin wata tasha a Kano. Teburina ne na kaina. Kuma ba yabon kai ba (to, yabon kan ne), a layin nan kaf babu wanda ya kai ni iya tarbar mutum. Ina da ƙa'ida guda: baƙon da bai taɓa zama a bencina ba, shi nake cika wa kofi har ya yi tumbatsa ya zubo a faranti, in ƙara masa madara ba sai ya tambaya ba. Wanda na raina kuwa, irin masu zuwa su sayi rabin kofi su cika mini benci da gardamar ƙwallo, shi nake tsiyaya wa. A wurina a bakin kofi ake ganin darajar mutum. Da wannan ilimin na hau jirgi.

Na sauka a unguwar Suwaidi, ɗaki ɗaya da Yaya Sani, ɗan unguwarmu a gida, wanda ya shekara goma sha takwas a nan yana jan babbar mota. Shi ya yi mini hanyar aikin. Sati biyun farko daga aiki sai masallaci sai ɗaki, ina kwance ina kallon silin ina kewar bencina. Ranar da Yaya Sani zai tafi Dammam da kaya, tafiyar kwana huɗu, ya dube ni ya ce, "Mai Shayi, in ka ci gaba da wannan zaman kai kaɗai sai ka zare. Bayan la'asar ka bi layin masallaci, shago na uku bayan mai gyaran taya, akwai wurin shan gahawa. Ka tambayi Ammu Usman, ka ce ni na turo ka." Ya saɓa jakarsa ya fice. Iyakar bayanin da ya yi mini ke nan, kuma har gobe ina ɗora masa wani kaso na laifin.

Wurin ba wani babba ba ne. Kanta a bakin ƙofa, daga ciki jan kafet da matasan jingina a jikin bango. Tsofaffin unguwa kamar bakwai ko takwas suna zaune, kowa da gurbinsa, ƙamshin hel ya cika ɗakin (wani ɗan ƙwaya ne da suke dakawa su zuba a gahawa). Abin da idona ya fara gani, a matsayina na mai sana'a, shi ne a gaban kowane mutum biyu akwai filas guda da farantin dabino, suna zuba wa kansu yadda suka ga dama. Na yi sallama, suka amsa baki ɗaya. Wani dogon dattijo ɗan Sudan mai farar jallabiya ya leƙo daga bayan kanta. Na tattaro Larabcina (na Islamiyya ne, ya isa sallah, bai isa sayen tumatir ba) na ce masa Sani ne ya turo ni.

Sai fuskarsa ta washe. "Ya hala! Ya hala!" Ya zagayo ya kama hannuna, ya kai ni can ƙuryar ɗakin, ya zaunar da ni kusa da wani tsoho mai sanda da jan gemun lalle. Daga baya na san sunansa Abu Sa'ad, shi ne babba a zaman. Na zauna ina jiran filas ɗina.

Babu filas. Ammu Usman ya dawo da wata buta mai dogon baki, dalla suke ce mata, ya riƙe ta da hagu, ya zuba a wani ɗan mitsitsin finjali ya miƙo mini da dama. Na leƙa ciki. Jama'a, ko rabi bai kai ba! Na ce a raina wataƙila ɗanɗano ne, irin yadda mai tsire yake yanko maka ɗan guntu kafin ciniki. Na kurɓe na miƙa masa. Ya sake tsiyaya daidai wancan. Na kurɓe na miƙa. Ya sake. Kuma bai tafi ba, yana tsaye ƙiƙam a kaina da buta a hannu, yana kallon bakina.

Nan take na fassara komai, don ai ni gwani ne. An kawo ni ƙurya don kada masu shigowa su gan ni. An hana ni filas don ba a yarda da ni ba. Ana tsiyaya mini don ni ba kowa ba ne. An tsaya a kaina don in yi maza in tashi in ba su wuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi ta maza na ce wallahi ba inda za ni, zan yi ta miƙa masa finjalin nan har kunya ta sa ya cika shi.

A na shida ko na bakwai sai ya ɗauki wani finjalin da babu komai a ciki, ya ɗaga shi daidai fuskata, ya ɗan karkaɗa shi hagu da dama yana murmushi. Na ce lallai ma tsohon nan, wato yana nuna mini gahawa ta ƙare. Na haɗe rai na miƙa nawa. Ya yi ɗan jim, sannan ya zuba. Hirar tsofaffin ta soma yin ƙasa-ƙasa, wasu suna leƙo ni suna ɓoye dariya a cikin gyalen nan da mazan Larabawa suke yafawa a ka. In wani ya shigo yana son abu, sai Ammu Usman ya je da sauri ya sallame shi ya dawo ya tsaya. Finjali goma sha huɗu na sha kafin kiran magariba ya raba mu. Da na je kanta zan biya, sai ya dafa ƙirji ya girgiza kai. Na ce to, madalla, ko kuɗina ma ba a so. Ranar ban samu barcin kirki ba, rabi fushi rabi gahawa.

Mai hankali da bai koma ba. Ni na koma, don a ganina in ban koma ba sun ci nasara. Rana ta biyu ma haka aka yi, ƙurya ɗaya, tsiyaye ɗaya, tsayuwa ɗaya, sai dai wannan karon na tsaya a sha ɗaya saboda hannuna ya fara rawa.

Washegari da hantsi ina zaune a mota a unguwar Shifa ina jiran a sauke kaya, abin yana ta ci na. Sai na buɗe taswirar waya, inda ake ba shaguna taurari a rubuta yadda aka same su. Na nemo wurin, na ba shi tauraro ɗaya (shi ma don babu rabi). Na rubuta da Hausa, waya ta mayar mini Larabci. Na ce wannan wuri ne da ake wulaƙanta baƙo, ana fifita 'yan gari, ana ba wasu filas ana ɗiga wa wasu kamar maganin ido. Na ce mai zubawar, na ambaci sunansa ƙarara, yana tsayawa a kan mutum don ya kore shi, kuma na tabbata don ni baƙin mutum ne. (Ammu Usman ya fi ni baƙi nesa ba kusa ba, amma a lokacin ban tsaya duba wannan ba.) Na haɗa da hoton finjalin da na ɗauka a ɓoye, na aika. Na ji wani sanyi a raina kamar na ƙwato wa duk 'yan Afirka haƙƙinsu.

Da la'asar na saka sabuwar rigata na nufi wurin don in ga sakamako. A kanta na tarar da wani matashi mai farin tobi, doguwar rigar nan tasu, fuska a murtuke, yana nuna wa Ammu Usman fuskar waya yana magana ƙasa-ƙasa da zafi. Fahad ke nan, ɗan mai wurin, wanda ya karɓi ragamar shagon tun da mahaifinsa ya tsufa. Na ce a raina saƙo ya isa. Na wuce na zauna a ƙuryata, na gyara zama, ina jiran filas da ban haƙuri.

Ammu Usman ya zo da dallarsa. Babu murmushi yau, idanunsa sun yi ja, amma ya gaishe ni, ya zuba, ya miƙo da dama. Daidai irin na jiya, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Kai! Nan fa kaina ya ɗauki zafi. Na nuna masa bakin finjalin da yatsa na ce, "Cika. Har nan. Cika!" Na haɗa da duk kalmar Larabcin da ta zo bakina.

Ya ja butar baya ya dafa ƙirji. "La, wallahi. Aib." Wato a'a, abin kunya ne.

Na ce da Hausa, "Au, kai ma ka san abin kunya?" Na miƙe tsaye na karɓe dallar daga hannunsa. Bai yi gardama ba, ina jin mamaki ne ya sa ya saki. Na dubi tsofaffin nan na ce, da Hausa dai, kamar wani zai gane, "Bari in nuna muku yadda ake tarbar mutum a garin da aka san mutunci." Na cika nawa fal. Sannan na ce ai tarbiyya ta ce a fara da babba, kada su ce don cikina nake yi. Na sunkuya na ɗauki finjalin Abu Sa'ad, na ɗaga butar sama can, irin ɗagawar da nake yi a tasha har fasinjoji su tsaya kallo, na saki gahawa ta yi zare ta sauka. Hannuna bai manta ba, wallahi ko ɗigo bai kauce ba. Na cika shi har ya tumbatsa ya zubo a kafet, na miƙa masa da hannun da ya rage mini, wato hagu, na ce da fara'a, "Tafaddal, ya Baba."

Abu Sa'ad ya karɓa, ya dubi finjalin, ya dube ni, ya dubi Ammu Usman da Fahad. Ya ajiye shi a ƙasa bai kai baki ba. Ya lalubi sandarsa, ya miƙe a hankali, ya gyara gyalensa ya fita ko sallama babu. Mutum biyu suka tashi suka bi shi. Ammu Usman ya ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa na zauna na shanye nawa da zafinsa har ya ƙona mini harshe, na ce a raina ai kunya ce ta kore su, sun ga yadda ake yi. Na tashi na fita ina tafiyar ƙasaita.

Ranar Alhamis Yaya Sani ya dawo. Muna zaune muna cin shinkafa da kaza da ya sayo a hanya, na fara ba shi labari, da kwaikwayo da komai. Na kai kan finjali goma sha huɗu, ya yi dariya har ya ƙware. Na kai kan taurari, dariyar ta tsaya. Da na kai kan Abu Sa'ad sai ya tsame hannu daga faranti.

"Ka ce ka cika masa?"

"Fal, Yaya. Har ya zubo."

"Da wane hannu ka miƙa?"

"Hagu. Dama tana riƙe da buta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ture farantin gefe. "Mai Shayi, ka san me ka gaya wa tsohon nan? A nan in aka cika wa mutum finjali, an ce masa sha ka tashi ka bar mana wuri. Mutumin da yake zama a gurbin nan tun kafin a haifi Fahad, kai da ka zo shekaranjiya ka kore shi a gaban abokansa."

Na ce haba Yaya, to ni da ake ɗiga mini fa?

"Kai ake karramawa, sakarai! Ana zuba kaɗan ne don ta zo maka da zafinta, kuma don a nuna ba a gaji da zamanka ba, a yi ta ƙara maka. Filas na 'yan gida ne, waɗanda an daina yi musu hidima. Baƙo ba a barin sa ya zuba wa kansa, tsayawa ake yi a kansa. Ƙuryar da kake raina kuwa, nan ake zaunar da wanda ya fi daraja, shi ya sa Usman ya kai ka kusa da Abu Sa'ad. Don ka ambaci sunana ya yi maka duk wannan. Kuma mai zubawa ba ya dainawa, ba ya zama, sai ka karkaɗa finjali ka nuna ka ƙoshi. Uku ake sha a karkaɗa."

Sai hoton Ammu Usman ya dawo mini, yana ɗaga finjali a gaban fuskata yana karkaɗa shi yana murmushi. Ashe koya mini yake yi, bawan Allah, ni kuma ina harararsa.

Yaya Sani ya ɗauki waya ya kira Ammu Usman, ya fita waje. Ina jiyo shi yana ta "la haula". Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce Fahad dama ya daɗe yana son ya sabunta wurin, ya sako injinan haɗa gahawa da samarin ma'aikata masu hula, mahaifinsa ne da tsofaffin suke hana shi. Yanzu ga rubutu a waya da sunan Usman ana cewa yana wulaƙanta baƙi, ga shi ya bar wani ya ƙwace masa dalla an ci mutuncin babban unguwa, kuma Abu Sa'ad bai sake takowa ba. An ce wa Usman ya ƙarasa watan ya nemi wani wuri. Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, da sunan shagon take. A shekarunsa kuwa wa zai ɗauke shi? Ga iyali a gida sun zuba masa ido.

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Na ce bari in goge rubutun yanzu. Ya ce kada in taɓa, in na goge a ɓoye kamar ɓarawo Fahad zai ce Usman ne ya roƙe ni. A gaban Fahad zan goge, kuma kafin nan sai mun samo Abu Sa'ad, don in bai dawo ba babu abin da zai gyaru.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tsaya a ƙofar masallaci muna jiran fitowar Abu Sa'ad. Yana fitowa ban jira Yaya Sani ba, na cire takalmi na zube ƙasa na durƙusa a gabansa yadda muke yi wa manya a gida. Tsoho ya yi baya da sauri har sandarsa ta kusa faɗuwa. "Astagfirullah! Ƙum, ƙum!" Wato tashi, tashi. Mutane suka fara taruwa. Yaya Sani ya cafko wuyan rigata ya ɗaga ni yana cewa ta ciki-ciki, "Nan ba a durƙusa wa mutum. Don Allah ka daina yin komai sai na ce." (Wannan ita ce shawara mafi amfani da aka taɓa ba ni a ƙasar nan.)

Na ce, "Ana galtan," ni ne mai laifi, kalmomin da na yini ina haddacewa. Yaya Sani ya ɗora da bayani. Ya gaya masa sana'ata a Kano, da yadda a wurinmu cikakken kofi yake nufin girmamawa, da yadda na ɗauka ana raina ni. Abu Sa'ad yana saurare, fuskar nan babu alamar wasa. Can sai ya yi wata tambaya, Yaya Sani ya fassara mini: "Ya ce wato da ka cika masa, karrama shi kake yi?"

Na ce wallahi tallahi, shi ya sa ma na fara da shi.

"Ya ce kuma finjali goma sha huɗun nan, ba daɗi ne ya sa ka sha ba?"

Na ce a gaya masa fushi ne.

Gemun tsohon ya fara motsi, sai ya fashe da dariya har da tari, yana buga sanda a ƙasa. Ya ce su a zatonsu a ƙasarmu haka ake shan gahawa kamar ruwa, har sun fara tausaya wa matata. Sannan dariyar ta ɗauke, ya tambayi Yaya Sani ko gaskiya ne maganar Usman. Da aka ce masa gaskiya ce, sai ya juya ya kama hanyar shagon, muka bi shi a baya.

Ya shiga ya zauna a gurbinsa kamar bai taɓa tashi ba, ya sa aka kira Fahad. A tsaye a tsakiyar kafet, gaban tsofaffin nan duka, na faɗi abin da na yi tun daga farko, Yaya Sani yana fassarawa (ina zargin yana ƙara gishiri, don dariyar ta fi ƙarfin abin da na faɗa). Na fito da waya na goge rubutun a gaban idon Fahad. Bai yi dariya ba shi. Ya ce kwana biyu rubutun yana nan, mutane sun gani, wa zai goge daga idonsu? Na sunkuyar da kai. Abu Sa'ad ne ya yi magana, a hankali, bai ko ɗago ba. Ya ce mutumin da ya tsaya a kan baƙo kwana uku bai gaza ba, kuma aka matsa masa ya cika finjali ya ƙi, shi ne ya san aikinsa a ɗakin nan. Ya ce in Usman ya tafi, a naɗe kafet ɗin ma, don su ma sun tafi. Fahad ya dubi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kawar da kai. Ya yi ajiyar zuciya, ya sumbaci kan Abu Sa'ad, ya ce shi ke nan, magana ta wuce.

Saura mai wuyar. Na zagaya bayan kanta wurin Ammu Usman, Yaya Sani yana biye da ni. Na same shi zaune a kan wata 'yar kujera, ya ɗage jallabiya yana gyara wani ɗauri a gwiwarsa ta dama, wadda ta kumbura sosai. Yaya Sani ya ce mini a hankali, "Shekara uku ke nan gwiwar tana damunsa. Shi ya sa tsofaffin suka ce a riƙa ajiye musu filas, don ya samu ya zauna. Ban ga ya tsaya wa kowa ba tun bara."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tun daga la'asar har magariba, mai ciwon gwiwa yana tsaye a kaina, ni kuma ina zaune a kan matashi ina ƙirga masa laifi. Na kama hannunsa biyu na ce ya yafe mini don Allah, da Hausa, da Larabci, da abin da ba yare ba. Ya dafa kafaɗata ya yi magana mai ɗan tsawo. Yaya Sani ya ce, "Ya ce ba komai, ya yafe. Ya ce shi abin da ya hana shi barci ba aikin ba ne kawai, tunanin me zai gaya mini ne in na dawo na ji baƙona ya fita da ɓacin rai."

Na share fuska, kuma da yake hali ba ya barin mai shi da wuri, sai wata dabara ta zo mini. Na zaro waya na ce a gaya masa yanzun nan zan rubuta sabo, tauraro biyar, da sunansa da hotonsa, in bayyana wa duniya irin mutumin da yake. Yaya Sani ya fassara. Ammu Usman ya miƙa hannu da sauri ya dafe fuskar wayar, ya dubi Yaya Sani da idon roƙo ya faɗi wani abu gajere.

"Me ya ce?"

"Ya ce don girman Allah kada ka sake rubuta komai a kansa, ko da na alheri ne."

Na mayar da wayar aljihu. Ammu Usman yana nan a aikinsa har yanzu, kuma tun daga ranar, in aka yi mini wani abu a ƙasar mutane da ban gane ba, kafin in yi fushi sai na nemi wanda ya riga ni zuwa na tambaye shi ko zagi ne ko karramawa. In ban samu wanda zan tambaya ba, sai in zauna a kan hannuwana har fushin ya wuce, don na lura ban taɓa yin ɓarna ba sai a ranar da na tabbata ni ne na fi kowa sani.